Tun da maigidana ya rasu na kasa addu'a, ku ba ni shawara

'Yan'uwa, salama a gare ku. Admin, a ɓoye sunana don Allah. Wata 5 ke nan da rasuwar maigidana, bayan shekara guda muna jigilar wankin ƙoda har muka sayar da gona. Mun yi azumi, ikilisiya ta yi tsaron dare dominsa, amma ya tafi ya bar ni da yara 3. Yanzu in na durƙusa, bakina sai ya yi nauyi. Ran Lahadi a bencin baya nake zama, ana waƙa ina kallon ƙasa. Wata ta ce mini da bangaskiyata ta isa, da ya tashi. Na yi zunubi ne da nake jin haushin Allah?

Wani ɗan'uwa: Sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Ki riƙe Romawa 8:28, kome zai zama alheri.

Wata mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, ayar gaskiya ce, amma ba a cusa wa mai zazzaɓi tuwo. 'Yata, ni ma gwauruwa ce. Shekarar farko addu'ata ba ta wuce "Ya Ubangiji, ka gani" ba. Takalmansa ma na bar su a bakin ƙofa har damina ta wuce, ina share gefensu. Ki faɗa wa shugabar mata halin da kike ciki, har batun kuɗin makarantar yara. Kada ki ji kunya, baikon gwauraye dominku ake tara shi.

Wani mai bishara mai ritaya: 'Yata, abokan Ayuba kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, a nan suka kyauta. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, su Allah ya tsawata wa a sura 42. Wadda ta gaya miki maganar nan sahunsu ta bi. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Shi ma bangaskiyarsa ce ta gaza? Karanta Zabura 88 da ƙarfi, da duhu ta ƙare, amma da Allah mai ita yake magana. Ubangijinmu kansa a kan gicciye ya ce, "Don me ka yashe ni?"

Mai tambaya: Baba, na gode. Na karanta ta yanzu, na yi kuka har babbar 'yata ta farka. Mama, gobe bayan sujadar safe zan je wurin shugabar.