Ƙanena ya shiga wata na biyar yana jiran shari'a: wa ke da alhakin kai shi kotu?

'Yar Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai gyaran waya ne, an kama shi bayan an samu wata wayar sata a shagonsa, wadda wani ya kawo masa gyara bai dawo ba. Alƙali ya ba da belinsa, amma da sharaɗin a kawo mutum biyu su tsaya masa, ɗaya daga cikinsu ya nuna takardar fili ko ta gida, mu kuwa gaba ɗayanmu haya muke zaune. Daga nan aka wuce da shi gidan yari, kuma sau uku ke nan muna zuwa kotu ranar da aka sa, mu wuni a kan benci, ba a kawo shi ba. Gandirobobi sun ce ba a hannunsu abin yake ba, ɗan sandan da ke binciken kuma an ce an canza masa wurin aiki. Mahaifiyarmu ta daina barci. Don Allah wanda ya san yadda wannan tsari yake tafiya ya fahimtar da ni.

Tsohon Gandiroba, Tafo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya kawo masa mafita. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma abin da suka gaya miki gaskiya ne, ko da yake na san ba ya sanyaya zuciya. A nan Ghana, hukuma uku ce ke riƙe da ƙanenki, kowace da nata igiyar. 'Yan sanda ne suka kama shi, su ke bincike, kuma a ƙananan kotuna yawanci su ne ke gabatar da ƙara a madadin Babban Lauyan Gwamnati. Kotu ce ta ba da umarnin tsare shi. Hukumar gidajen yari, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ajiya kawai aka ba ta: mutum ya shigo da takardar kotu, ba ya fita sai da takardar kotu, ko da shugaban gidan ya tabbata a ransa cewa ba shi da laifi.

Mazauna gidan yari kashi biyu ne. Akwai wanda aka yanke wa hukunci, wanda ya san ranar fitarsa, yana iya koyon kafinta ko ɗinki ko saƙa, kuma idan ya nuna hali nagari akan rage masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Sai mai jiran shari'a, irin ƙanenki, wanda a idon doka ba mai laifi ba ne, amma a zahiri ya fi wancan shan wuya, domin ba shi da ranar da zai ƙirga. Ɗan sanda mai bincike shi ne yake zuwa ya sa hannu ya ɗauke shi zuwa kotu, ya kuma dawo da shi. Idan aka canza wa wannan ɗan sanda wurin aiki ba tare da ya miƙa fayil ga wani ba, ko aka ce babu mota, sai ranar ta wuce shiru. Dokar shari'ar laifuffuka ta 1960 ta ce kada a ɗage shari'ar wanda yake tsare fiye da kwana 14 a jere, amma na sha buɗe durowa in ga takardun tsarewa da wa'adinsu ya ƙare tun watanni, masu su kuwa suna nan a ciki, suna kwance a gefe ɗaya kamar kifi a gwangwani, ba mai iya juyawa sai an juya tare.

Kada ku daina kai masa ziyara. Fiye da shekara goma ana ciyar da ɗan kurkuku a kan sidi 1.80 a rana, sai a 2025 aka ɗaga zuwa sidi 5, saboda haka gari da sukari da sabulu da maganin ƙaiƙayi da za ki kai masa ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da kika je, ki roƙi ofishin da ke riƙe da rajista su gaya miki lambar shari'ar da ranar ƙarshe da aka sabunta takardar tsarewarsa, ki rubuta a takarda. Da wannan za ki je wurin shugaban sashen bincike na ofishin da aka kama shi, ki tambayi wanda ya gaji fayil ɗin.

Magatakardar Lauya, Nima:
Baba ya yi bayani mai kyau, sai dai ni ina ganin ba ta wurin 'yan sanda ya kamata a fara ba, ta kotu ya kamata. Yaya, sharaɗin beli ba wahayi ba ne, ana iya komawa gaban alƙalin a nemi ya sassauta, idan ya ƙi kuma a tafi Babbar Kotu. Doka ta ce kada a tsananta sharaɗin beli, kuma kada a hana shi don a hukunta mutum. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 14, ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin awa 48, sannan idan ba a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. A 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar da ya hana beli a wasu laifuffuka kamar kisan kai da fashi, to ina ga batun waya guda ɗaya da aka kawo gyara.

Idan kuɗin lauya ne matsalar, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, tana da ofishi a Kumasi, kuma an kafa ta ne domin marasa hali. Akwai kuma shirin da aka fara a 2007, wanda alƙalai ke shiga har cikin gidajen yari irin su Nsawam da babban gidan yarin Kumasi su zauna su duba shari'ar waɗanda suka daɗe suna jira. Mutane da yawa sun fita ta wannan hanya. Amma ba kullum ake zaman ba, kada ki zauna jiransa alhali ƙofar kotu a buɗe take.

Limamin Unguwa, Sabon Zango:
Abu ɗaya zan ƙara, domin ina shiga wurinsu wa'azi da azumi. Za a samu masu ba shi shawara a ciki cewa ya amsa laifin kawai, a yanke masa 'yan watanni ya huta. Ki gaya masa kada ya amsa abin da bai yi ba kafin ya ga lauya. Gaskiya ne kotu tana la'akari da kwanakin da ya riga ya yi a tsare, amma sunan wanda aka taɓa ɗaurewa yana bin mutum har wurin neman aiki da neman biza da neman aure. Batun mai takardar gida kuma, ku kai maganar ga sarkin zangonku da dattawan masallaci. Mutane suna tsoron tsayawa ne saboda ba wanda ya bayyana musu cewa dukiyarsu ba ta cikin haɗari muddin yaron yana halartar kotu.

'Yar Aboabo, Kumasi:
Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam da 'yar'uwata. Jiya na je ziyara, na samo lambar shari'ar, kuma ashe takardar tsarewarsa ta ƙare tun mako bakwai da suka wuce. Kawunmu ya yarda zai raka ni ofishin taimakon shari'a ranar Litinin. 'Yar'uwa ta Nima, ban da lambar shari'ar da katin ɗan ƙasa, akwai wata takarda da ya kamata in riƙe?