Koya wa 'yan famasi duba majiyyaci: da me za a fara?

MaiMagani_Terminus: Assalamu alaikum, manyanmu. Za a turo mana masu sanin makamar aiki, ana so su iya duba majiyyaci da hannunsu, ba karanta takardar likita kaɗai ba, tunda karatun Pharm.D, wato digirin famasi na shekara 6, can ya dosa. Mako 4 gare mu. Da me zan fara, kuma ina iyakarmu?

Dattijon_Bukuru: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da awon hawan jini, ki ba shi mako 2 cur. Kowa gani yake ya iya, alhali nan kuskure ya fi yawa.

Mutum ya zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da zuciya. Idan ya ci goro, ya sha kofi ko taba, a jira minti 30. In fitsari ya matse shi ya je ya dawo. Ban da hira ana awo, ko da gaisuwa ce.

Maɗaurin hannun, wato abin da ake ɗaurawa a damtse a hura masa iska, shi ne babbar matsala. Jakar iskar da ke ciki ta zagaye kashi 80 cikin 100 na damtse. Ƙarami a hannun mai jiki yana ba da lamba sama da ta gaskiya, sai a ƙara wa bawan Allah maganin da ba ya bukata. A ɗaura kan fata, santimita 2 zuwa 3 sama da gwiwar hannu, ba kan rigar sanyi ba, mun san halin Jos.

Su fara da na'urar hannu kafin mai batir. A taɓa jijiyar wuyan hannu ana hura iska har bugun ya ɓace, a ƙara 30 a kan lambar da na'urar ta nuna, sannan a sassauta da 2 zuwa 3 kowace daƙiƙa. Mai gaggawar sakin iska lambar sama, wato babbar cikin lambobi biyu na awon, za ta wuce shi. Zuwan farko a auna hannu biyu, a riƙe wanda lambarsa ta fi, a maimaita bayan minti 1 ko 2.

'YarRayfield: Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙari kaɗan: su taɓa bugun jijiya kafin su kunna mai batir, domin idan bugun ba a jere yake ba, lambarta ba abin dogaro ba ce. Numfashi kuma a ƙirga minti 1 cikakke ba tare da an faɗa wa mutum ba. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye ya yi sauri. Shekara 1 zuwa 5, 40. Na'urar iskar jini da ake maƙalawa a yatsa tana ruɗewa da yatsa mai sanyi, da jan farce, wani lokaci da baƙin lalle. A ɗumama hannu tukuna.

Malam_Lamingo: Batun iyaka, Hajiya: muna dubawa ne don mu san ko magani na aiki ko yana cutarwa, ba don mu yanke cuta ba. Mai shan amlodipine, maganin hawan jini, a danna ƙashin ƙaurinsa daƙiƙa 5, a ga ko yatsa ya bar rami, alamar kumburi. Tsohon da ke jiri a auna shi a kwance, sannan a tsaye a minti na 1 da na 3. Lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, a sanar da likitansa. 140/90 da ya maimaitu, takardar turawa asibiti. 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko karkacewar baki, a nemi mota nan take, kada a ce ya sha ƙwaya ya jira.