Jadawalin cron ya goge bayan crontab -r, kuma cron na mutuwa a Docker

sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An buga `crontab -r` maimakon `crontab -e` (na gyara jadawali) a wata saba mai Debian, jadawalin cron, wato shirin da ke tayar da ayyuka a lokutan da aka tsara, ya tafi gaba ɗaya ba ko gargaɗi. Akwai yadda za a dawo da shi? Na biyu, me ya sa cron ke fita nan take in aka tashe shi cikin Docker?

mai_gadin_saba:
Wa alaikumus salam. `-r` ba ya neman izini, kai tsaye yake goge fayil ɗinka da ke `/var/spool/cron/crontabs/`, ga shi E da R maƙwabta ne a kibod. Abin da ya rage maka shi ne log. Buga `journalctl -t CRON | grep CMD`, ko `grep CRON /var/log/syslog` in akwai rsyslog. Kowane layi zai nuna mai aikin, lokacin da ya tashi da umarnin kansa, daga nan sai ka sake gina jadawalin da hannu. Amma layukan `MAILTO` da `PATH` ba sa fitowa a log, aikin da ke tashi sau ɗaya a wata kuma mai yiwuwa ne an riga an share tarihinsa.

bakin_allo:
Malam, don gaba ka sa `alias crontab='crontab -i'` a `.bashrc`. Da `-i`, sai ya tambaye ka kafin ya goge. Sai dai alias ba ya bin `sudo`, a nan ne kuwa ɓarnar ta fi muni, domin `sudo crontab -r` na root yake gogewa, ba naka ba. In na wani kake son taɓawa, ambaci sunansa: `sudo crontab -u www-data -l`. Ka riƙa ajiye kwafi da `crontab -l > cron.bak`. Ka kula, `crontab cron.bak` ba ƙari yake yi ba, maye gurbin duk abin da ke ciki yake yi.

yar_linux:
Batun Docker: cron yana komawa bayan fage da zarar ya tashi, sai PID 1, wato aikin farko da kwantenar Docker ke rayuwa a kansa, ya ƙare, kwantena ta bi shi. Dole a tsare shi a gaba. A Debian da Ubuntu `cron -f` ne, a cronie na Fedora da RHEL kuma `crond -n`. Kada ka kwafo na wani ka liƙa wa wani, don `-n` a Debian cikakken sunan saba kawai yake sawa a kan saƙon imel.

Akwai kuma `-L` na Debian, mai zaɓar abin da cron zai rubuta a log: 1 farkon aiki, 2 ƙarshensa, 4 wanda ya faɗi, 8 lambar PID. Tara su ake yi, `-L 15` duka ke nan. A saba ana sa shi a `EXTRA_OPTS` cikin `/etc/default/cron`. A kwantena kuwa galibi babu syslog, ba inda zai rubuta, don haka ƙara `>> /proc/1/fd/1 2>&1` a ƙarshen layin aikin, sai ka gan shi a `docker logs`.