Cigiyar kalma: me za mu kira juvenile court da Hausa?

Tafinta, Ƙofar Soro: Salamu alaikum. Ana neman Hausar juvenile court da kishiyarta adult court, musamman a shari'ar fyaɗe inda wanda ake zargi ɗan shekara 15 ne ko 16. Masu labarai kan ce "kotun yara". To amma a gaya wa uban yarinyar da aka lalata cewa za a kai maganar 'yarsa kotun yara, abin da zai ji shi ne an mai da ita wasa.

Malamin fiƙihu, Daura: Wa alaikumus salam. Mai zai hana "kotun waɗanda ba su balaga ba"? A fiƙihu haddi ba ya hawa kan wanda bai zama mukallafi ba, sai dai a ladabtar da shi.

Lauya: Allah gafarta Malam, nan gizo ke saƙar. Balaga a Malikiyya da alama ake gane ta: mafarki, haila, gashin mara, in babu ko ɗaya sai shekara 18. Ita kuwa Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 shekara kaɗai take ƙirgawa, duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Ke nan ɗan 16 mai gemu baligi ne a wurin Malam, yaro ne a wurin dokar, kuma yawancin rikicin hurumi a kan irinsa ake yi. Kalmar da ta rataya a kan balaga za ta fitar da shi daga kotun da aka yi dominsa. Ga wani mataki ma a ƙasa: sashe na 50 na Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, da ya fara aiki a 1960 ya ce ɗan ƙasa da 7 ba ya laifi, daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma sai in hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata.

Malamin fiƙihu: Na janye, Barista. "Kotun kangararru" fa?

Jami'ar walwala: Kada ma a fara, Malam. Kangararre hukunci ne tun kafin a zauna shari'a, kuma kunnen Bakatsine gidan mari yake jiyowa, irin waɗanda aka bankaɗo a Daura da Katsina a Oktoban 2019. Dokar 2003 ta hana a yi amfani da kalmomin "samu da laifi" da "yanke hukunci" a kan yaro irin yadda ake yi wa babba, ta hana a bayyana sunansa, ta hana ɗauri a gidan yari da bulala da kisa. Sunan kotun a cikinta ma kotun iyali ne, mai mataki biyu, na majistare da na babbar kotu. Jiharmu ta Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020.

Lauya: Hajiya ta taɓo wani tarko. Kada kowa ya fassara adult court da "babbar kotu", wannan suna ne na High Court, kuma kotun iyali kanta tana zama a can. "Kotun manya" kuma a kasuwa kotun masu kuɗi da sarauta za a ɗauka. Ni "kotun gama-gari" nake so, wadda ake kai kowa.

Inda abin ke lalacewa a aikace shi ne layin shekaru a takardar rahoton farko ta 'yan sanda. Aka kalli tsawon yaro aka rubuta 18, shi ke nan, majistare zai tura shi gidan yari ya jira shawarar ma'aikatar shari'a, cikin manyan fursunoni. Gyaran tun zaman farko ake yi: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, in babu katin rigakafi ko rijistar firamare, in duk babu a nemi kotu ta sa likita ya kimanta. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi bayan kamu ba ta da nauyi, kowa ya san yadda ake samunta. A ƙarƙashin tsohuwar dokar yara da matasa kuma, yaron da aka haɗa tuhumarsa da ta babba kotun gama-gari suke tafiya tare.

Tafinta: To waiver ɗin Amurkawa? Can alƙalin kotun yara kan iya sakin shari'a ta koma ta gama-gari in laifin ya yi muni, kuma tun shari'ar Kent ta 1966 Kotun Ƙolinsu ta ce sai an zauna an saurari yaron da lauyansa tukuna.

Lauya: "Miƙa hurumi". Kada a ce "yafewa", ba a yafe wa kowa komai ba, hukuncin ma ƙaruwa yake yi.

Jami'ar walwala: Ga juvenile court ni dai "kotun 'yan ƙasa da 18". Ta yi tsawo, amma uban yarinya zai ji shekaru ake magana, ba sassauci ba.

Tafinta: Na rubuta: kotun 'yan ƙasa da 18, kotun gama-gari, miƙa hurumi. Saura Borstal, gidan tsare matasa masu laifi irin na Kaduna da Ilori da Abekuta, inda ake kai 'yan 16 zuwa 21. "Gidan horo" zan sa, in Hajiya ba ta ce shi ma mari yake wari ba.