Yashe kwata kafin damina: ku masu shaguna, ya kuka yi a layinku?

Mai shagon kayan masarufi, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kwatar layinmu kuwa ta cika maƙil da ledar fiya wata da robar lemo, ruwan wanke-wanke ma da ƙyar yake wucewa. Mu masu shaguna muna so mu haɗa kai bana mu yashe ta da kanmu, ba sai mun jira kowa ba. Damuwata ita ce na sha ganin an fara irin wannan da zafi, kafin wata biyu an watse. Don Allah wanda ya taɓa yi a layinsa ko kasuwarsu ya ba mu labari: wa ke biyan kuɗi, wa ke shiga kwatar, kuma ina ake kai abin da aka fitar?

Mai sayar da yadi, Kano

Wa alaikumus salam. Alhaji, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko. Kafin kowa ya taɓa shebur, ku tabbata kun biya tifa, kun kuma san ranar da za ta zo.

Mu abin da ya tayar da mu shi ne ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agustan 2022. Duk wanda ya ga yadda aka riƙa fito da dilolin atamfa da shadda sharkaf ana shanyawa, bai buƙatar wa'azi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muka fito ranar tsaftar ƙarshen wata, tunda dama daga bakwai zuwa goma na safe ba a zirga-zirga kuma shaguna a rufe suke, muka yashe layin kaf, muka jibge caɓalin a bakin titi. Wanda ya yi mana alƙawarin mota kyauta bai turo ba. Ruwan da aka yi a makon ya mayar da komai inda ya fito, har da ƙari.

Yanzu tsarinmu daban ne. Ana yashewa ranar Asabar, a bar shi ya tsane zuwa Litinin, domin direba ba ya son ɗanyen caɓali, yana da nauyi kuma yana tsiyaya a titi. Litinin da safe tifa ta kwashe. Kuma ku fara daga ƙasa, inda ruwa ke fita, ku hauro sama. In kuka gyara naku alhali kwalbatin da ke gaba a toshe yake, kun buɗe wa ruwa hanyar shigowa shagunanku ne kawai. Ku tuna kududdufan da ke shanye ruwan Kano a da, yawanci an cike su an yi gini a kai, ruwan bai da wurin zuwa sai kwata.

Mai kamfanin fiya wata, Kaduna

Ni dai ledar da kuke magana a kai irin tawa ce, sunan kamfanina ma ana karantawa a cikin kwata. Abin da na yi, na ce duk wanda ya kawo buhun ledar da aka sha aka yar, ya karɓi jakar ruwa ko kuɗinta. Muna tarawa mu sayar wa masu narkarwa. Ba riba a ciki, gaskiya, don ledar ba ta da nauyi, sai ka cika ɗaki kafin sikeli ya motsa. Amma direbobina da ke kai ruwa shaguna da suna dawowa da mota wayam, yanzu suna dawowa da buhuna. Masu shagunan da suka rataye buhu a ƙofa su ne suka fi taimaka min, domin wadda ba ta shiga kwata ba tana da tsabta, an fi sayenta da daraja.

Malamar firamare, Kaduna

Alhaji mai ruwa, Allah ya saka. Sai dai a lura da masu kawowa. Na ga yara ƙanana da almajirai suna tsoma hannu a kwata ba takalmi saboda irin wannan tayin, a lokacin da ya kamata suna aji. Akwai fasassun kwalabe da allurai a ciki.

Mai kamfanin fiya wata, Kaduna

Gaskiyarki Malama. Shi ya sa muka daina karɓa daga hannun yaro, kuma jiƙaƙƙiya ba ma karɓa ko daga wa.

Dillalin jari bola, Kano

Ku bari in yi magana, don wannan fagena ne. Abin da kuke kira shara, a wurina kashi-kashi ne, kuma kowane kashi da mai sayensa. Ƙarfe daban, gwangwanin alminiyom daban, tagulla ita ce sarauniya. Roba mai tauri, wato fasasshen bokiti da kujera da jarka, muna ware ta launi-launi, a kai wa masu injin niƙa, a wanke a shanya, daga nan ta tafi masana'antun Sharaɗa da Dakata da sauransu. Butar da kake alwala da ita, mai yiwuwa tsohuwar kujerar wani ce. Robar lemo kuwa kasuwa biyu gare ta: mai kyau da murfinta masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa ke saye, wadda ta lotse a matse ta a ɗaure a yi lodi. Duk wannan kuɗin a cikin gari yake juyawa, daga yaron da ke tura baro har mai gadin masana'anta.

To ga inda masu shaguna ke kuskure. Kuna bari sai kaya sun shiga kwata sun sha baƙin ruwa, sannan ku kira gayya ku fitar da su, ku biya mota ta kai su juji. Kun yi asara sau biyu. A wani layi da nake sayen kaya, shugaban 'yan kasuwarsu ya zo muka zauna. Aka ajiye buhu biyu a gaban kowane shago, ɗaya na roba ɗaya na leda. Aka ɗauki samari uku 'yan unguwar, waɗanda mai unguwa ya san iyayensu. Kowane shago yana ba da ɗan abin da aka yanke duk mako, su kuma samarin duk abin da suka tara nasu ne, ni nake aunawa in biya su a gaban jama'a. Sharaɗin ɗaya ne: in aka ga kwata ta toshe a layin, su za a tambaya. Wallahi yanzu in ka jefa roba a lambatu, kafin mai shago ya yi magana yaran sun yi, don abincinsu ka jefar.

Aikin kyauta kuwa, ku yi haƙuri, na ga ƙarshensa. Asabar ta farko kowa ya fito har da mai babbar riga. Ta biyu a turo yaran shago. Ta uku sai shugaba da sakatare.

Sai abu ɗaya da ke min ciwo. Da zarar an sace murfin kwalbati ko rodin kwata, sai a ce 'yan jari bola ne, a kori kowa daga unguwa. Ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai. Maganinsu shi ne a san wanda ke shiga layi da sunansa da dillalin da yake kai wa kaya. Ni duk wanda ya kawo min murfin kwalbati, ko kyauta ne ba na karɓa.

Dattijo, tsohon ɗan tireda, Wudil

Yaro, ka yi magana mai ma'ana, amma ban yarda da kai duka ba. Gayya ba a biyanta. Mu da muka tashi, mai gona fura da tuwo kawai yake tanada, makaɗi na bin bayan manoma, gobe kuma a koma gonar wani. Abin da ya riƙe ta kunya ce: in ba ka je ta wani ba, ranar taka ba za ka ga kowa ba. Kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, hadisi ne sananne. In komai ya koma sai an biya, ranar da kuɗi ya yanke aikin ya tsaya, kuma ɗan mai shago zai tashi yana ganin kwatar ƙofar ubansa aikin ɗan talaka ce.

Game da inda za a kai, a zamaninmu ba a tambayar wannan. Sharar birni taki ce. Da rani za ka ga jakuna da mangala suna fita da ita ƙofofin Kano zuwa gonaki, su dawo da itace ko kara. Manomi har roƙo yake a juye masa. Yanzu ma suna so, sai dai leda ta ɓata lamarin, ka zuba taki ka kwana kana tsince ta. In kun ware ledar tun farko, ku tambayi masu lambu na kusa da ku, wataƙila ma su rage muku kuɗin mota.

Dillalin jari bola, Kano

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi ta taka ba. Babban yashe na farkon damina a yi shi gayya, kowa ya shiga da ƙafarsa. Amma kwata kullum take cika, gayya kuwa ba a kiranta kullum.

Mai sayar da abinci, Zariya

Ni ce mai dafa wa 'yan gayyar layinmu, shinkafa da wake da mai da yaji, ban taɓa karɓar ko sisi ba. Ƙorafina ɗaya: ranar karɓar kuɗi ana sanin ƙofar rumfata, ranar zaman shawara kuwa sai dai in ji labari. Alhali mu masu abinci da masu wanki mu muka fi kowa zuba ruwa a kwatar nan, mu muka san inda take fara toshewa. Yayana mai tambaya, ku sa mata a kwamitinku, ko ajiyar kuɗin ku ba su, waɗanda suka iya riƙe adashi ba wannan ne zai gagare su ba.

A rumfata kuma na rage ledar da kaina. Duk wanda ya zo da kularsa ko kwanonsa ina ƙara masa cokali guda. Masu gareji da teloli duk sun koma zuwa da kwano. Alale na koma yi a gwangwani kamar yadda iyayenmu ke yi. Tun da Legas ta hana farin kwanon soson nan na zuba abinci a farkon 2024 na ce bari in shirya kafin abin ya iso mu, kuma kuɗin leda da nake kashewa ya ragu sosai.

Mahauci, Maraɗi

Hajiya, kar ki dogara da doka. Mu nan Nijar tun 2014 aka yi dokar hana shigo da baƙar leda da saida ta, amma zo ki ga itatuwan bakin gari, kowace ƙaya da tutarta. Ni a mahauta nake ganin sakamakon. Ka sayi akuya ka ga ta rame cikinta ya kumbura, ka yanka ka buɗe tumbi ka tarar da leda ta naɗe ta dunƙule ta yi tauri, sai ka sa hannu biyu ka ɗago ta. Mai kiwo ya yi asara, ni ma na yi.

Mu 'yan kasuwar layinmu da masu amalanke muka shirya. Kowace butiki, wato shago, dala ashirin (sefa ɗari) ranar da suka zo kwasa. Da ruwa ya kusa kuma matasa su fito gaba ɗaya, mu mahauta mu ba da nama a yi musu abinci. Tsofaffinmu suna cewa haka ƙungiyar matasa ta Samariya ke yi zamanin Shugaba Kunce, da ganga ake tashin unguwa. Nama kuwa na koma naɗe shi a takarda, sai wanda ya nace nake sa wa leda.

Mai shagon waya, Nima, Ankara, ƙasar Gana

Gaisuwa daga zango. Mu nan ba mu manta 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah Circle, mutum wajen 150 suka rasu. A 2014 gwamnati ta sa Asabar ta farkon wata ta zama ranar tsafta, amma abin da ya yi aiki a layinmu shi ne limami. In ya faɗa bayan sallar Juma'a, gobe kowa ya fito. Mu masu shaguna namu shi ne sayen shebur da manjagara da dogon takalmin roba da safar hannu, a ajiye a ɗakin masallaci, a rubuta sunan wanda ya ɗauka. Matsalarmu masu jiran a fara ruwa da dare su juye shararsu a babbar gota.

Tela, Katsina

Ku dai yi hattara da masu zuwa da riguna. Wani kamfani ya zo mana da riguna masu tambarinsa da tsintsiya sababbi, aka share inda dama a share yake, aka ɗauki hoto, suka kwashe tsintsiyoyinsu suka tafi. In wani babba ya ce zai taimaka, ku ce ya biya tifa ko ya sayi baro ya bari.

Mai shagon kayan masarufi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mutanenmu bayan la'asar. Mun tsayar da Asabar ta ƙarshen wata don babban yashe, kowa da kansa kamar yadda Baba ya ce, kuma ba za mu fara ba sai kuɗin tifa ya cika. Hajiya, mun ba mai kunun layinmu ajiyar kuɗi, ta ce sai da littafi. Inda muka cije shi ne masu shago biyu da suka yi daɓen siminti a kan kwatar, ba ta inda shebur zai shiga, kuma sun ce haya suke, ba su da ikon fasawa. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?

Mai sayar da yadi, Kano

Mun ci karo. Kar ku ja da ɗan haya, ku nemi mai ginin ta hannun mai unguwa. Mu ba mu fasa duka ba, birkila ya yanka ƙofa biyu a daɓen, aka zuba murafun kankare masu hannu da za a iya ɗagawa, ƙungiya ta biya rabi mai gini ya biya rabi. Na kankare za ku yi, kar ku sa na ƙarfe. Tsakanin ƙofofin kuma da dogon rodi mai ƙugiya ake jawo dattin.