Shin Ƙirga Ramukan Wata Ya Isa a San Shekarunsa?

Malamin jogarafi, Malali: Matsayina shi ne, idan aka ƙirga ramukan da duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya suka tona a wani yanki na wata aka auna faɗinsu, za a san tsufan wurin. Wata ba shi da iska ko ruwan sama da za su shafe tabo. Filayen nan masu duhu da muke hangowa daga ƙofar gida daren sha huɗu, waɗanda narkakken dutse ya malale, ramukansu kaɗan ne, tsaunuka masu haske kuwa rami ne bisa rami, don sun fi daɗewa suna shan jifa.

Injiniya, Kakuri: Allah ya gafarta malam, ƙirga tana nuna wane ne wa, wane ne ƙane, amma ba ta faɗin shekaru. Sai da 'yan sama-jannatin Amurka na shirin Apollo suka kawo duwatsun wata kilo 382 tsakanin 1969 da 1972 aka gwada su, sannan lissafin ya samu madogara. Ƙananan ramuka ma suna ruɗi, domin babban dutse idan ya faɗo, tarkacen da ya watsa kan dawo su tona ramuka barjat a lokaci guda, kamar a kewayen ramin da ake kira Tycho, mai faɗin kilomita 85.

Magini, Rigasa: Ni na ga irin wannan a sabon daɓen siminti da yayyafi ya riska. Da farko ɗigon yana ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya, amma da ya yawaita sai sabo ya riƙa cinye tsoho, ka rasa na farko.

Malamar kimiyya, Unguwar Rimi: Baba, abin da ke faruwa ke nan a tsaunukan, shi ya sa ake dogara da manyan ramuka a can. Injiniya, su ma duwatsun Apollo ba su tsira ba. Da yawansu sun nuna shekara kusan biliyan 3.9, har aka ce an yi ruwan duwatsu a lokacin, alhali wasu masana na ganin tarkacen kwarin Imbrium, wani ƙaton rami a wata, kaɗai aka yi ta kwasowa daga wurare mabambanta.

Malamin jogarafi, Malali: Na karɓi gyaran injiniya kan shekaru, amma ban janye ba. Wurin da kumbon Chang'e 5 na Sin ya sauka a 2020, masu ƙirga sun riga sun ce ƙane ne ga filayen da 'yan Apollo suka sauka, gwaji kuma ya ba da shekara biliyan 2. Malama, a cikinmu wa wannan sakamakon ya gaskata?