Na tsinci Ella da Louis a akwatin kakanmu, wa zan saurara bayansu?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Makon jiya muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a Kaduna muka ci karo da akwatin fayafayan garmaho. Yawancinsu na Shata ne da Ɗan Maraya, amma can ƙasa akwai huɗu na Turanci. Ɗaya yana da hoton mace da namiji baƙaƙen fata zaune a kan kujeru, shi yana riƙe da ƙaho, an rubuta Ella and Louis. Ba mu da abin kunnawa, sai na nemo shi a waya. Yau kwana biyar ke nan ban saurari wani abu ba sai shi. Ban san komai a kan wannan salon kiɗan Amurka da ake kira jaz ba. Muryoyi nake so, ba kiɗa zalla ba. Ina zan dosa daga nan?

Malam Garba: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanku, ya san abu mai kyau. Faifan nan na 1956 ne, kamfanin Verve na Norman Granz ya fitar da shi, kuma mai kaɗa fiyano a bayansu Oscar Peterson ne. Kafin ki tafi neman wasu, ki raba mutanen nan biyu ki ji kowa shi kaɗai. Ga Ella Fitzgerald, ki nemi wasan da ta yi a Balin ta Jamus a 1960. Tana tsakiyar waƙar Mack the Knife baitoci suka ɓace mata, ba ta tsaya ba, ta dinga ƙirƙiro nata nan take a kan kari, har da kwaikwayon muryar Louis, kuma wannan waƙar ta ciyo mata lambar Grammy. Ga Louis Armstrong kuwa ki koma baya sosai, West End Blues ta 1928. Busar da ya buɗe ta da ita ba ta kai daƙiƙa ashirin ba, amma har yau masu koyon ƙaho suna haddace ta.

Bashir: Malam, ku gafarce ni, amma in dai murya take nema, Billie Holiday ya kamata a fara ambata. Ella gwana ce, ba musu, sai dai ko waƙar baƙin ciki take yi za ka ji kamar da murmushi a bakinta. Billie muryarta ƙarama ce, ba ta hawa sama sosai, ba ta sauka ƙasa sosai, amma takan ja kalma ta bar kiɗa ya wuce gaba, sai ka ɗauka ta makara, sannan ta cim masa daidai inda ya dace. Nafisa, ki fara da waƙoƙin da ta yi da makaɗin fiyano Teddy Wilson daga 1935, musamman waɗanda Lester Young ya busa saksafon a ciki. Shi ya raɗa mata Lady Day, ita kuma ta raɗa masa Prez. In suna tare sai ka rasa wa ke yi wa wani amshi.

Malam Garba: Ba laifi Bashir, gaskiyarka ce a kan Billie. Amma ban yarda Ella ba ta san ɓacin rai ba. Yarinyar da mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara goma sha biyar, ta yi zaman gidan horon yara, ta yi kwanan titi a unguwar Harlem ta New York kafin ta ci gasar sababbin mawaƙa a ɗakin wasa na Apollo a 1934. Ta san wuya. Zaɓa ta yi kada ta sa ta a gaba, kuma ni wannan ma yana taɓa ni.

Anti Rabi: Kun fara ke nan, duk zauren da aka yi zancen jaz sai an yi gardamar Ella da Billie, a manta da Sarah Vaughan. Nafisa, ƙanwata, nemi faifan da Sarah ta ɗauka da mai busa ƙaho Clifford Brown a ƙarshen 1954, ki fara da Lullaby of Birdland. A coci ta koyi waƙa da fiyano a Newark, kuma muryarta tana sauka har inda za ki zaci namiji ne, ta sake tashi ba tare da kin ji gaɓa ba. Shi Clifford hatsarin mota ya kashe shi a 1956 yana da shekara 25, duk lokacin da na ji busarsa a faifan nan sai na tuna da haka.

Nafisa: Na gode ƙwarai Malam, Yaya Bashir, Anti. Ina rubutawa a takarda. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ina neman waƙa ɗaya sai in ga sunayen mutum goma a kanta. Wace ce ta asali?

Malam Garba: Yawwa, yanzu kika zo wurin. A wurinmu waƙar Narambaɗa ta Narambaɗa ce, wanda ya rera ta bayansa kwaikwayo yake yi. A jaz ba haka ba ne. Yawancin waƙoƙin nan wasu ne suka tsara su domin wasannin dandamali da fina-finai, irin su George Gershwin da Cole Porter, sai suka zama kamar rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugansa. Ba a tambayar wa ya fara, ana tambayar me ka yi da ita. Saboda haka ga aikin da zan ba ki, kuma ya fi duk jerin sunayen da muka ba ki amfani. Ki ɗauki Summertime, wadda Gershwin ya tsara wa wasan Porgy and Bess na 1935. Ki ji ta Billie ta 1936, mai ɗan sauri, ƙaho yana gurnani a bayanta. Sai ki ji ta Ella da Louis da suka ɗauka a 1957, a hankali, da tarin gogen Turawa. Sai ki rufe da ta Miles Davis ta 1958, wadda babu murya ko kaɗan, ƙaho ne ke rerawa. Waƙa ɗaya, kari ɗaya, amma mutum uku ne daban ke ba ki labari. In kika yi haka sau biyu sau uku, kunnenki zai fara gane inda kowa ya karkata daga karin, ya jinkirta, ko ya ƙara nasa. A wannan karkatar jaz ɗin yake.

Bashir: Akwai guda ɗaya da ba ta shiga wannan lissafin, Strange Fruit da Billie ta ɗauka a 1939. Wani malamin makaranta, Abel Meeropol, ya rubuta ta a kan yadda gungun fararen fata ke rataye baƙaƙe a bishiyoyi a kudancin Amurka. Kamfanin Columbia da Billie ke yi wa aiki ya ƙi ɗauka, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya ɗauka. A gidan rawa na Café Society da ke New York da ita take rufe wasa, a kashe fitilu sai ɗaya a fuskarta, masu raba abinci su dakata. Kada ki sa ta kina wanke-wanke. Ki nemi ma'anar baitocin tukuna, ki zauna.

Alhasan Kumasi: Salamu alaikum, daga Zango nake bin ku. Mu nan Gana muna da rabo a Louis. Ya sauka Akra a 1956, kafin samun 'yancin kai, E. T. Mensah sarkin hailaif yana cikin makaɗan da suka tarye shi, ya kuma yi wasa a gaban Nkrumah. A wannan zuwan ya ga wata mata mai kama da mahaifiyarsa, daga nan ya riƙe cewa kakanninsa daga wannan gaɓar aka kwashe su.

Malam Garba: Haka ne Alhasan. Ya dawo a 1960 a doguwar tafiyar da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, ya shigo Najeriya, akwai ma hotonsa tare da Sardauna. A cikin wannan tafiyar zabiyarsa Velma Middleton ta yanke jiki ta faɗi a Saliyo, ta rasu can a farkon 1961. Ba a cika ambatonta ba, alhali ta kusa shekara ashirin tana waƙa a gefensa.

Usman Samaru: Tun da an zo gida, bari in sa baki ko da yake ba mawaƙi ba ne. Yusef Lateef, mai busa saksafon da sarewa, Musulmi ne daga Detroit, ya zauna nan Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Ki ji Eastern Sounds na 1961. In kuma muryar namiji mai sanyi kike so da dare, John Coltrane and Johnny Hartman na 1963, waƙa shida ne kacal, wajen rabin awa, babu ta yarwa.

Zainab: Ni matsalata Turancin ne, ba na kama rabin abin da suke faɗi. Kuma tsofaffin suna da wani shuuu a ciki.

Anti Rabi: Zainab, kada Turanci ya hana ki. Su kansu sukan ajiye kalmomi su yi ta rera sautuka marasa ma'ana, murya ta koma abin busa, suna ce masa sikat. Louis ya yaɗa shi da Heebie Jeebies a 1926, Ella ta kai shi ƙololuwa. A nan ke da Ba'amurke kunnenku ɗaya. Ƙarar da kike ji kuwa ta tsohon faifai ce, wanda kowane gefe ba ya wuce minti uku da 'yan kai, shi ya sa waƙoƙin wancan zamani gajeru ne. Bayan minti ɗaya kunne yake mantawa da ita. Amma don Allah ku sa abin kunne, lasifikar waya tana cinye ƙaton gogen nan na tsaye da ake tsinka da yatsa, kuma a kansa mawaƙin yake taka ƙafa.

Nafisa: Na dawo. Malam, na yi aikin da kuka ba ni jiya bayan isha'i, sau biyu. Ta Ella kamar uwa tana lallashin jariri ya yi barci. Ta Billie kuwa, kalmomin lallashi ne, amma kamar ita kanta ba ta gaskata alkawarin da take yi wa yaron ba. Na daɗe zaune bayan ta ƙare. Yaya Bashir, na fahimci abin da kake nufi, ko da yake har yanzu Ella ce tawa. Na kuma duba sauran fayafayan uku, biyu na Nat King Cole ne, ɗaya ya tsage.

Malam Garba: Madalla. Nat King Cole kafin duniya ta san muryarsa makaɗin fiyano ne na gaske, ki nemi waƙoƙin ƙungiyarsa ta mutum uku na shekarun 1940, fiyano da jita da babban goge, babu ganga. Fayafayan kuma ki jera su a tsaye, kada ki ɗora wani kan wani, ki nisanta su da rana da zafin kwano, zafi lanƙwasa su yake. Ki riƙe su ta gefe. Wanda ya tsage ɗin, me aka rubuta a tsakiyarsa?

Nafisa: Takardar ta goge, Malam, sai Dinah kawai nake iya karantawa.

Anti Rabi: Dinah Washington ke nan! Kada ki yar da shi. Nemi What a Diff'rence a Day Makes ta 1959 yau da dare, gobe ki zo ki faɗa mana.